Irin Mamman Mai Jirgi

Jiya na ji ɗayanku yana cewa gwajin maniyyi ba aiki ba ne, wai ɗiga, leƙa, rubuta. Ban tanka ba saboda akwai mara lafiya a bakin ƙofa. Yau ba kowa, don haka ku ja benci ku zauna. Ni wannan aikin da kuka raina ya taɓa sa mutanen Yelwa suka daina gayyatata bikin suna da ɗaurin aure, kuma da za a maimaita, abin da na faɗa a lokacin shi zan sake faɗa.

Baba Yohanna ya koya mini aiki. Mutumin kan dutse ne, ɗan manoman dawa, dogo, ba ya son surutu. Watannina na farko a hannunsa ban taɓa madubin likita ba, wankin gilashi kawai nake yi. Sai ya ɗaga gilashin a hasken taga, in ya ga tabon yatsa ya mayar mini cikin kwano. Madubin da muke da shi mai ido ɗaya ne, da wani ɗan faifai mai ƙyalli a ƙasansa da ke tara hasken rana. Wutar Kainji tana bin waya ta wuce garuruwan wasu, mu kuwa tebur muke turawa bakin taga muna bin rana. Hadari ya haɗo, aiki ya tsaya. Injin juya fitsari da hannu ake murza shi, har yau kafaɗata ta dama ta fi ta hagu kauri.

Jini na fara koya, na zazzaɓin sauro. Daga nan fitsari, domin yaran bakin ruwa kusan duk suna fama da tsargiya, sai ka ga ƙwan tsutsar kwance da 'yar ƙayarsa a gindi. Maniyyi shi ne na ƙarshe da Baba ya bari na taɓa. Ranar ya rufe ƙofa ya ce, "Haruna, in ka yi kuskure a jini, mutum ɗaya ka cuta. Wannan kuwa gida ne sukutum a kan gilashinka. Kada ka taɓa cewa babu a kallo ɗaya. Ka juya shi a inji, ka duba laka ta ƙasa, ka sa mutum ya dawo bayan makonni. In ka tabbata, ka faɗa wa mai shi, shi kaɗai. Ba murmushi, ba tausayi a fuska." Wajen lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ya yi ritaya ya koma gona, ya bar mini ɗakin da madubin.

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini maniyyinsa daga Shanga a kan babur, cikin kwalbar man shafawa, da tsakar rana. Na duba, duk sun mutu. Rana ta dafa su, sauran man ya ƙarasa su. Da na rubuta abin da na gani a ranar, da na kashe mutum da ransa. Na ba shi kwalbarmu mai tsabta, na nuna masa ɗakin baya, ya fito yana zufa kamar wanda ya yi noma, sai ga iri lafiya lau. Wani kuma na abokinsa ya kawo, bakinsa ya suɓuce ya faɗa. Amma yawancin maza ba sa zuwa sam. Mata ake turowa. Mace ta sha saiwa, ta sha rubutu, a duba ta a nan, a duba ta a Sakkwato, miji yana zaune a kasuwa. In ka ce ya zo, sai ya ce, "Ni da ƙarfina?" Ƙarfi daban, iri daban. Wannan maganar na faɗe ta har bakina ya gaji.

Aikin da ya jawo mini baƙin jini shi ne na Alhaji Mamman mai jirgi. Basarke ne, jinin masunta, daga wajen Wara, yana da jiragen inji da ke ɗauko albasa da busasshen kifi da fasinja zuwa Yelwa ranar kasuwa. Matarsa Hajara 'yar Shanga ce. Suna da ɗiya ɗaya, Hindatu, tana firamare a lokacin, kuma tun daga kanta ko ɓari Hajara ba ta sake yi ba. An kawo mana sabon likita, Dakta Isiyaku, matashi mai taurin kai irin wanda nake so. Ya duba Hajara bai ga komai ba, ya ce ba zai sake rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba sai an gwada mijinta. Mamman ya shigo ɗakina yana dariya, ya ce, "Malam Haruna, a yi abin da likita ka so, in koma ga jirgina."

Na ɗiga, na leƙa, fili fetal. Na juya a inji, na duba laka, babu. Na ce ya dawo. Ya dawo bayan makonni, na sake yin duk abin da Baba ya koya mini, na bi gilashin nan lungu-lungu har idona ya yi ruwa. Ko ɗaya.

Na rufe ƙofa na ce, "Alhaji, ruwan yana nan, amma babu iri a cikinsa."

"Mi kac ce?"

Na maimaita. Ya ce, "To Hindatu fa?"

Na ce, "Abin da na gani na yau ne. Madubina ba ya ganin shekarun baya. Mu je wurin likita yanzu, akwai tambayoyin da zai yi maka."

Bai je ba. Ya ɗauki hularsa ya nufi bakin ruwa. Can ya faɗa wa yayansa, Alhaji Bawa, wanda suke hada-hadar jirage tare. Kafin kasuwa ta sake ci, duk tashar jirgi ta ji. Bawa ya ce yarinyar ba jininsu ba ce, dama tun tana jaririya bai ga kamanninsu a fuskarta ba. Mamman bai saki Hajara ba, bai kuma kare ta ba, ya yi gum. Ita kuwa ba ta jira a kore ta ba. Ta ɗaure kayanta, ta riƙe hannun ɗiyarta, ta koma Shanga gidan ubanta.

Bawa ya fara zuwa wurina. Ya tsaya a ƙofa, babbar rigarsa ta cika ta, ya ce, "Dattawa za su zauna. Ka zo ka gaya musu mai irin wanga ciwo bai taɓa haihuwa ba."

Na ce, "Alhaji, ban san haka ba, ba zan faɗa ba. Kuma ciwon ƙaninka ba da kai zan yi maganarsa ba."

"Kai kas soma wagga magana, kai ka ƙarasa ta."

"Ni da shi na yi magana, ƙofa a rufe. Wanda ya kai ta tasha shi ya san abin da ya sa."

Bayansa sai Malam Umaru, mahaifin Hajara, tsohon manomin shinkafa. Shi ya fi wuyar sallama, domin bai zo da faɗa ba. Ya zauna a ƙasa, na ce ya hau benci ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, ɗiyata ba ta hita ko rijiya. Jikata an hana ta wasa da yara. Ka ce madubinka ya yi kuskure, kowa shi huta. Allah ba shi kama ka ba."

Na ce, "Baba, in na ce madubi ya yi kuskure, gobe za a koma ɗura wa Hajara saiwa, a ce ita ce juya. Kuma duk wanda na taɓa gaya wa gaskiya a ɗakin nan, maganata ta zama banza. Ban ce ɗiyarka ta yi laifi ba, ba kuma zan ce ba. Amma abin da ban gani ba, ba zan ce na gani ba."

Ya tashi bai yi mini sallama ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ɓangaren Bawa suka ce na ɓoye gaskiya, ɓangaren Shanga suka ce na yi wa 'yarsu ƙazafi, sauran gari suka sa mini suna mai raba aure. Maza suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Har masu zazzaɓi wasu suka ƙi ba ni jini, wai kada in gano musu wani abu. Matata ta je biki aka bar ta ita kaɗai a tabarma. Wata safiya na tarar an jefi tagar da nake tarar rana, gilashi warwatse a kan tebur. Na share, na cire sauran, na ci gaba da aiki da taga a buɗe, hasken ma ya fi. Yayana ya zo ya ce sabuwar jiha tana neman ma'aikata a Birnin Kebbi, in nemi canji. Na ce in na tafi, an tabbatar ƙarya na yi. Ba inda za ni.

Dakta Isiyaku bai bar maganar ba. Ya ce mini, "Mutumin da ya taɓa haihuwa, kuma lafiyayye kamar Mamman, sau da yawa ba irin ne ya ƙare ba, hanyar fitarsa ce ta toshe. Ina so in san ko an taɓa yanka shi a mara. Amma ya ƙi zuwa." Mun aika, bai zo ba. In ya hango ni a kasuwa sai ya sauya hanya.

To, ranar hutuna na tafi tasha na shiga jirginsa kamar kowane fasinja. Sai da muka yi nisa, gaɓa ta zama zare, na tsallake buhunan albasa na je na zauna kusa da inji inda yake. Ya rame har wuyansa ya fito.

Ya ce, "Mi ya kawo ka?"

Na ce, "Tambaya ɗaya. An taɓa yi maka aiki a mara?"

Ya ce gwaiwa ta taɓa saukar masa, ɓangare biyu, saboda ɗaukar kaya. Wani mai yawo tunga-tunga da akwatin magani ya yanka shi, dama da hagu.

"Yaushe?"

"Bayan an yaye Hindatu."

Na ce, "Bayan?"

Ya juyo ya dube ni. Na faɗa masa abin da likita ya ce, cewa akwai 'yar siririyar hanya da iri ke bi daga maraina, daidai wurin da ake yankan gwaiwa take wucewa, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya datse ta ko ya ɗaure ta. Ya rage wutar inji har fasinja suka waiwayo. Ya ce a hankali, "Wato mai na cikin tanki, tiyo ne ya yanke."

Na ce, "Mai yiwuwa. Ban ce tabbas ba. Likita yana da hanyar dubawa, amma da allura ce, kuma a wurin da ba ka so."

Ya ce, "Ko da wuƙa ce."

Yanzu ku saurari yadda aka yi, domin a littafi kawai kuka gani. Likita ya ce a sanar da Hajara, hakkinta ne. Malam Umaru ya kawo ta da safe, ta zauna a baranda da mayafinta, ko kallon Mamman ba ta yi ba. Bawa ma ya zo, ya tsaya nesa ƙarƙashin dalbejiya. Na ɗauko madubina na kafa shi a tagar ƙaramin ɗakin tiyata, na ɗumama gilashi a tafin hannuna don kada sanyinsa ya kashe abin da za a samo. Likita ya wanke wurin, ya yi allurar kashe zafi, ya laluba da yatsa har ya kama wani ɗan kumburi a bayan maraina, inda iri ke taruwa kafin ya kama hanya. Ya soka siririyar allura, ya ja sirinji a hankali. Ɓangaren dama ɗan jini kawai ya fito, na duba, babu komai. Mamman yana kwance yana kallon rufi yana salati. Likita ya koma hagu. Wannan karon abin da ya taho bai kai ɗigon hawaye ba, fari-fari. Ya miƙo mini.

Na ɗiga, na gyara haske. Ga su nan, cunkus. Da yawa kwance, amma wasu suna kaɗa wutsiya, kasala-kasala, da ransu. Ban yi magana ba sai da likita ya leƙa da kansa. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, jikinka yana yin iri. Hanya aka datse maka, kuma bayan haihuwar ɗiyarka aka datse ta. Babu abin da ke cikin gwajin Malam Haruna da ya taɓa mutuncin matarka."

Mamman ya sauko yana ɗingishi, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Aka kira Hajara. Na nuna mata yadda za ta sa ido. Ta leƙa, ta fi mijin daɗewa, sannan ta miƙe ta ce, "Ashe ƙanana ne haka." Ta gyara mayafi. "A kira Yaya Bawa. Shi ma shi gani."

Likita ya dubi Mamman, Mamman ya gyaɗa kai. Bawa ya shigo yana cika yana batsewa, ya sunkuya, hularsa ta faɗi. Ya ce shi dai ya ga wasu abubuwa kamar 'ya'yan kwaɗi. Hajara ta ce, "Na ƙaninka ne, Yaya. Yanzu ka ga kamanninku?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kada ku zaci ta bi mijinta gida a ranar. Ta ce masa a gabanmu, "Ba ni kaɗai ka yi wa shiru ba. Ka zo Shanga, ka faɗa gaban Innata, ka faɗa gaban Hindatu, da bakinka." Ya je. Abin da aka yi a can ban gani ba. Sai bayan an yanke shinkafa ta koma ɗakinta. Malam Umaru ya aiko mini da sabuwar shinkafa, amma har ya rasu bai sake taka ɗakin nan ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Allurar ta wanke Hajara, amma ba ta ba su haihuwa ba. A lokacin babu abin da za mu iya yi da ɗigon nan sai kallo. Shekaru suka wuce, an mayar da Dakta Isiyaku babban asibiti, sai ya aiko cewa a Legas an fara wani aiki. Za a zuƙo iri da allura kamar yadda muka yi, ko a ɗan tsaga a ɗebo, a ciro ƙwan matar, a sa iri guda cikin ƙwai guda a ƙarƙashin madubi, in ya kama a mayar da shi cikin mahaifarta. Mamman ya tambayi malaminsa, malam ya bincika ya ce muddin irin miji ne da ƙwan matarsa, kuma aure na nan, babu laifi. Ya sayar da jirgi ɗaya suka tafi.

Ku riƙe wannan, domin za a tambaye ku. Ciwon na namiji ne, amma wahalar aikin macen ke sha. Shi allura ɗaya ce. Ita kuwa allurai ne kullum, ciki ya kumbura, jiki ya yi nauyi, ga tafiyar mota daga nan har Legas. Karon farko bai kama ba. Hajara ta ce sau ɗaya za ta ƙara, don kanta ba don kowa ba, in bai yi ba a bar ta ta huta. Mamman ya ce ta yi gaskiya. Karo na biyu ya kama. Kuma kada ku ɗauka kowa ke dacewa. Akwai wani ma'aikaci daga Birnin Yauri da na tura, aka tsaga aka duba, ba a sami ko ɗaya ba, domin shi jikinsa ne ba ya yin irin. Ya dawo ya tambaye ni ko ya sake gwadawa, na gaya masa abin da likitoci suka gaya masa, ban ƙara masa zaƙi ba.

Hajara ta haifi mace. Kafin ranar suna tasha ta ɗauka, wai 'yar kwalba ce, a kwalba aka haɗa ta. An kira ni sunan, na shiga jirgi na je Wara. Bayan an shafa fatiha Mamman ya miƙe a gaban maza, abin da ba a saba ba, ya ce, "Na ji ana cewa ɗiyata 'yar kwalba ce. Gaskiya ne. Irina ne aka zuƙo da allura, don hanyata ta toshe. Ciwon nawa ne tun farko, matata lahiyarta lau, na bari ta sha wuya a banza. Wanda ka son ƙarin bayani shi tambaye ni, ga ni tsaye." Ba wanda ya tambaya. Aka raba goro.

Bayan haka maza suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, yawanci ranar da ba kasuwa, don kada a gan su. Wata safiya ina wanke gilashi na ji inuwa ta rufe ƙofa. Alhaji Bawa ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Tun ranar allura ba mu yi magana ba. A bayansa akwai babban ɗansa, magidanci mai gemu, wanda na san ya daɗe da aure ba haihuwa. Bawa bai gaishe ni ba, ni ma ban tashi ba. Ya turo ɗan nasa gaba da kan sandarsa.

Ya ce, "Duba min shi. Matar tasa kuwa kada wanda ya taɓa ta tukuna."

Na goge hannuna na ɗauko kwalba mai tsabta. Na ce, "Alhaji, kai ka jira a waje. Abin da na gani, shi zan faɗa wa."

Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya juya ya fita. Na rufe ƙofa.